Yadda Ake Tafiyar da Darasin Karatu da Rubutun Hausa a Aji Ɗaya Zuwa Uku

Duk wanda ya taɓa wucewa ta gefen makarantar firamare da hantsi ya san wannan sautin. Malami ya ce "ba, be, bi, bo, bu", yara saba'in ko tamanin su amsa da ƙarfi har mai tafiya a titi ya ji. Daga waje sai a ce karatu ya kankama. Amma a kira yaro ɗaya gaban allo, a ɗora sanda a kan "bo" kai tsaye, ba tare da an faro masa daga "ba" ba. Da yawa za su yi shiru, wasu kuma su koma farkon layi suna rerawa ƙasa-ƙasa har su iso inda sandar take. Irin wannan yaron jeri ya haddace, bai gane harafi ba. Gwaje-gwajen karatun Hausa da aka yi wa 'yan ƙananan azuzuwa a jihohin Bauchi da Sakkwato a 2011 da 2013 sun fito da matsalar fili: mafi yawan yaran da aka gwada ba su iya karanta ko kalma ɗaya daga gajeren labarin da aka ba su ba, alhali sun shekara biyu ko uku a makaranta.

Abin takaicin shi ne, rubutun Hausa na boko yana cikin masu sauƙin koyo. Kusan kowane harafi sauti ɗaya yake wakilta, wasula biyar ne, gaɓar kalma kuma siffarta ba ta wuce uku: baƙi da wasali kamar "ka", baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali kamar "kai", sai baƙi da wasali da baƙi kamar "kan". Yaron da ya san sautin haruffa, ya kuma iya haɗa su, zai karanta kalmar da bai taɓa gani ba. Don haka aikin malami shi ne ya tsara aji ta yadda kowane yaro a karan kansa zai ɗora ido da yatsa a kan harafi kullum, ya furta shi, ya rubuta shi, shi kuma malamin ya san wa ya iya, wa bai iya ba.

Mako biyun farko: a fara ɗora aji a kan hanya

Kada a yi gaggawar shiga haruffa. Minti goman da ke zubewa kullum wajen raba littafi, neman fensir da "ku yi mana shiru", minti hamsin ne a mako, fiye da darasi guda cur. Wannan ɓarnar ake toshewa tun farkon zango, ta hanyar koya wa yara yadda ake yin abubuwa kaɗan, a kuma maimaita su har su zama jiki.

Na farko zama. Ko a benci ne ko a tabarma, a jera yara layi-layi, a bar hanya a tsakiya wadda malami zai bi har bangon baya ba tare da ya taka kowa ba. Ajin da babu hanyar shiga, 'yan baya sun fita daga darasi tun kafin a fara. Kowane yaro ya san wurinsa. Wanda ke matse ido in yana kallon allo, da wanda ke karkato da kunne ɗaya in ana magana, su zauna a gaba, a kuma sanar da iyayensu don a duba su a asibiti. Bahago ya zauna a ƙarshen benci ta hagu, don kada gwiwar hannunsa ta riƙa karo da ta maƙwabcinsa, kuma a ƙyale shi ya yi rubutu da hannun da ya fi masa sauƙi. Sauran yara kuwa a riƙa juya layukansu duk ranar Litinin, 'yan baya su matso gaba.

Na biyu alamar shiru, kuma guda ɗaya tak. Misali malami ya tafa sau biyu, yara su amsa da tafi uku, su ɗora hannu a cinya, su dube shi. A gwada ta sau biyar ko shida a rana a makon farko, kamar wasa. Sharaɗinta shi ne malami ba zai fara magana ba sai an yi tsit. In ya riƙa ɗaga murya bisa surutu, yara sun gane ke nan cewa alamar ba ta da wani amfani. Dukan tebur da bulala yana kawo shiru na ɗan lokaci, amma yaron da ke cikin tsoro ba ya yarda ya gwada karanta abin da bai tabbatar ba, karatu kuwa da gwadawa ake koyon sa.

Na uku kayan aiki. Kowane layi ya sami monita ɗaya, littattafan layin a tsibi ɗaya, fensiransa a gwangwani ɗaya. Monitoci su feƙe fensira kafin a shiga aji, da abin feƙe fensir, ba da reza ba. In fensir ya yi ƙaranci a raba kowanne biyu, gajeren ma ya fi zama daidai a hannun ɗan shekara shida. Malami ya ƙirga daga ɗaya zuwa ashirin da murya, kafin ya kai ƙarshe littafi ya isa hannun kowa. A rubuta sunan yaro da manyan haruffa masu kyau a bangon littafinsa, domin sau da yawa sunansa ne kalmar farko da zai fara ganewa.

Sai abokin karatu. A haɗa yara biyu-biyu, a koya musu cewa in an ce "juya ga abokinka", ɗaya zai karanta ɗaya ya bi da yatsa, sannan su yi musanya. Hikimar a fili take: in malami ya kira yaro ɗaya ya karanta, mutum ɗaya ne ke aiki cikin tamanin, in kuwa biyu-biyu ne, arba'in ne ke karatu a lokaci guda. Aji zai ɗan yi hayaniya. Wannan hayaniyar ta aiki ce, hedimasta ma ya kamata a yi masa bayaninta tun da wuri.

Wajen tambaya kuma, kada a dogara da masu ɗaga hannu, domin yara biyar ko shida ne za su cinye darasin. A rubuta sunayen 'yan aji a 'yan guntayen kwali a zuba a gwangwani. A yi tambayar tukuna, a ƙirga biyar a zuci, sannan a zaro suna. Ta haka kowa zai yi tunani, mata da maza, na gaba da na baya. Wanda ya kuskure a ce masa "sake dubawa, wane harafi ne a farko?" Dariyar 'yan aji ga wanda ya yi kuskure a hana ta tun ranar farko, da gaske.

Allon kansa yana da ƙa'ida. Harafi ya kai tsawon tafin hannun babba, malami ya je bangon baya ya duba da idonsa ko ana gani, musamman ɓangaren da hasken taga ke haskewa. Ya yi rubutun da yake so yara su kwaikwaya, harafi a rarrabe, ba haɗaɗɗen rubutun manya ba. Ya kuma nuna musu cewa "a" da "g" suna da kama biyu, ta rubutun hannu da ta bugun littafi. Yara da yawa suna sanin "a" ta allo, su buɗe littafi su kasa gane ta.

Tsarin darasi na kullum

In makaranta za ta iya haɗa darasi biyu a jere a sami awa ɗaya da safe, kafin a fita tara, shi ya fi. Ga yadda za a raba ta: minti 5 bitar abin da ya wuce, minti 5 wasan sauti da kunne, minti 8 sabon harafi, minti 10 haɗa gaɓa da kalma, minti 10 karatun jimloli, minti 12 rubutu, minti 10 labari. In minti 35 kawai ake da shi, a rage kowane sashe, a mayar da labari kwana biyu a mako, amma kada a taɓa sauke haɗa gaɓa da rubutu. Jerin kuma kada ya sauya daga rana zuwa rana. Yaran da suka san abin da ke biye ba sa buƙatar dogon bayani.

Kowane sabon abu matakai uku yake bi, waɗanda malaman da suka halarci bitar koyar da karatu suka sani da "na yi, mu yi, ku yi". Malami ya nuna, a yi tare, sannan yara su yi su kaɗai, bakin malami a rufe. A mataki na ukun nan ake faɗuwa. Malami ya saba da jan baki, sai muryarsa ta riga ta yara da ɗan kaɗan, su kuwa su bi ta. Muddin shi ke fara furtawa, amshi ake yi. Ya ɗora sanda a kan harafi, ya yi shiru, ya saurara.

Bita ana yin ta da katuttukan kwali, harafi ɗaya a kowanne, a cakuɗa su kullum. Wasan kunne kuwa ba ya buƙatar allo: a tafa gaɓoɓin suna, A-mi-na tafi uku, Mu-sa tafi biyu, a tambayi wane sauti ne a farkon "masara", "mota", "Maryam", a faɗi kalmomi uku, "nama, nono, kifi", su fitar da bare.

Wajen sabon harafi, sautinsa ake koyarwa, ba sunansa na Turanci ba. Kuma a kula ƙwarai kada a liƙa wa baƙi wasali. "M" sautinsa "mmm" ne, ba "ma" ba. Yaron da aka koya wa cewa wannan harafin "ma" ne, in ya ga "mi" zai karanta "mai", in aka ce ya rubuta "nama" zai rubuta "nm", kuma bisa abin da aka koya masa bai yi kuskure ba. Shi ya sa ya fi kyau a fara da baƙaƙen da ake iya jan sautinsu, irin n, m, s. Waɗanda ba sa jawuwa, kamar b, d, k, t, a furta su a gajarce iyakar iyawa, nan take a haɗa su da wasali.

Ba dole ne a bi jerin abacada ba, bin sa ma jinkiri yake kawowa. A zaɓi haruffan da ke saurin ba da kalma. Da a, n, k, m kaɗai yaro zai karanta nama, kaka, mama, kama, nan, har da jimla: "Kaka na nan." A ƙara i, ga Amina da kina da mini. A ƙara s da u, ga Sani, Musa, suna, kunu, kusa, masa, ga kuma "Musa na kusa." Wato cikin wata guda yaro ya karanta jimla da kansa, ya koma gida da abin nunawa. Harafi biyu a mako ya isa, Juma'a ta zama ta bita. In aka haɗa da sh, ts, ky, kw, gy, gw, ƙy, ƙw, fy da tagwayen wasula ai da au, abin da za a koyar bai kai arba'in ba, ana iya gama shi kafin tsakiyar zango na uku, a bar sauran lokacin ga yawan karatu. Ƙaramin harafi da babba a koyar da su tare, amma a fi ba ƙaramin ƙarfi, don shi ya cika littafi.

Haɗa gaɓa shi ne zuciyar darasin. Malami ya riƙe katin baƙi a hannunsa na dama, na wasali a hagu, domin yana fuskantar yara, abin da ke damansa shi ne a hagunsu. In ya juya, ya koya musu karatu a baibai bai sani ba. Ya ja sautin "mmm" yana matso da katin har ya taɓa "a", sautin bai yanke ba: "mmma". Kada a ce "m, a, ma" a tsinke, yaro mai rauni kafin ya kai na biyu ya manta na farko. Bayan haka a sauya wasalin, a sauya baƙin, sannan a koma jadawalin gaɓoɓi a allo a riƙa nunawa a warwatse: ku, ma, si, na, mu. Layi ɗaya ya amsa, sannan mata kaɗai, sannan mutum ɗaya. Daga gaɓa sai kalma: a rufe rabin kalmar da hannu, su karanta "ku", a buɗe "nu", su haɗa. Marafan kwalba da aka rubuta wa gaɓoɓi suna aiki sosai a nan, kowane yara biyu a ba su shida ko takwas su ƙera kalmomi.

Yaran da suka fara makarantar allo suna da jari a wannan wurin. Wanda ya yi babbaƙu da farfaru ya riga ya san cewa baƙi da wasali ke haɗuwa su ba da sauti, sai malami ya ɗora a kan wannan sanin ya ce musu abu ɗaya ne, sai dai a boko wasali a gefen baƙi yake zama, ba a samansa ko ƙasansa ba. Abin da za a kula musu shi ne alƙibla: sun saba farawa daga dama. A sa ɗigo babba a gefen hagu na kowane layi a littafinsu, a ce "daga ɗigo ake tashi", har hannu ya saba.

A sashen karatu, jimlolin su kasance da haruffan da aka riga aka koya kawai. Yara su fara gwadawa da raɗa, yatsa a ƙarƙashin kalma, sannan biyu-biyu, sannan malami ya karanta musu da kyakkyawar murya su ji yadda ake tsayawa a aya. In malami ne ya fara karantawa sau uku, masu kaifin hadda sun ɗauke, ba za a ƙara sanin gaskiyarsu ba. A rufe da tambaya ko da jimla ɗaya ce: wa ke kusa? Yaro ya san tun farko cewa rubutu magana ce, akwai abin da take faɗa.

Labari kuwa malami ne ke karantawa ko bayarwa, kuma ya fi ƙarfin abin da yara za su iya karantawa da kansu. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ta isa. A zaɓi kalmomi biyu ko uku da ba su sani ba a bayyana kafin a fara, a tsaya a tsakiya a tambayi me suke jin zai faru, a ƙarshe a yi tambayar "me ya sa", ba "wane ne" kaɗai ba. Inda babu littafi, yara su ba da labarin ranar kasuwa, malami ya rubuta jimla huɗu a allo daga bakinsu, a karanta tare. Wannan sashen ya fi muhimmanci ga yaran da Fulatanci ko Barbarci ko wani harshe ake yi a gidansu, domin suna iya haɗa gaɓa daidai ba su san ma'anar abin da suka furta ba.

Rubutu da shifta

Fensir tsakanin babban yatsa da manuni yake zama, ya kwanta a kan na tsakiya, kusa da bakinsa amma ba a kan fiƙar ba. A gyara riƙo a watan farko, bayan nan gyaransa da wuya. Sabon harafi a fara zana shi a iska, malami ya juya wa yara baya don hannunsa ya tafi yadda nasu zai tafi, yana faɗin motsin da baki. Sannan da yatsa a ƙasa ko a kan benci, sannan a littafi. Guda biyar masu kyau sun fi shafi guda na gaggawa, domin yaron da ya cika shafi da harafi a karkace karkatar ya koya.

Kwafe daga allo ba rubutu ba ne, zane ne. Akwai yara masu kyan hannu da za su cika littafi ba su iya karanta layi ɗaya daga ciki ba. Abin da ke nuna gaskiya shi ne shifta, kuma kullum ya kamata a yi ta, gajera: harafi biyu, gaɓa biyu, kalma uku, daga baya a ƙara jimla ɗaya. A goge allo tukuna. Malami ya faɗi kalma, yara su maimaita, su tafa gaɓoɓinta, su rubuta gaɓa-gaɓa. Sannan ya rubuta daidai a allo, kowa ya gyara nasa a gefe ba tare da ya goge kuskuren ba, don malami ya ga inda aka zame. Tsakanin kalma da kalma a sa yatsa ɗaya. Littafi tamanin ba ya dubuwa a rana, saboda haka a duba na layi ɗaya ko biyu da kyau kullum, sauran a leƙa su ana zagayawa. Kafin mako ya ƙare an taɓa kowa.

Wuraren da ake tuntuɓe

Rikita b da d ya fi kowanne yawa, kuma ba alamar daƙiƙanci ba ne. A raba su da aƙalla mako uku, a kuma bambanta yadda ake zana su: b daga sama ake sauko da sanda sannan a yi mata ciki a dama, d kuwa da zagaye ake farawa kamar za a rubuta a, sannan a hau sama a sauko. Hannu ne zai riƙe bambancin kafin ido. Haka n da u, kada a koyar da su a mako ɗaya.

Baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ, ɗ, ƙ, a koyar da su a matsayin haruffa masu zaman kansu, bayan b, d, k sun zauna. Yaro Bahaushe yana jin bambancin a kunnensa sarai, abin da ya rage ya ga cewa rubutu ma yana nuna shi. A yi amfani da kalmomi biyu-biyu: kafa da ƙafa, baki da baƙi, kasa da ƙasa, bata da ɓata, da da ɗa. A ƙananan haruffan ƙugiyar a saman sanda take, ta lanƙwasa dama. A manyan Ɓ da Ɗ tana sama ta hagu. Malami ya kula da nasa rubutun, domin saƙon waya ya saba wa manya da yawa da barin ƙugiya, kuma abin da ke allo shi yara ke ɗauka. Sautin farkon 'ya'ya a Nijeriya da 'y ake rubuta shi, a Nijar da ƴ, sai a bi abin da ke littafin ƙasar. Alamar hamza ta cikin sa'a da jama'a ita ma baƙi ce, ba ado ba.

Sh da ts da su kw, gy, ƙw a rubuta kowanne a kati ɗaya, a ce sauti ɗaya ne mai haruffa biyu. In ba haka ba za a ji "tasuntsu" a maimakon tsuntsu. Gaɓa mai rufi ita ma tana ba da wahala: yaron da ya saba da ka, ki, ku zai karanta "kaska" a matsayin "kasaka", ko ya rubuta "hanu" da "kune" a maimakon hannu da kunne. Maganinsa tafi: han-nu, kun-ne, bab-ba, a ji baƙin da ya rufe gaɓar farko da wanda ya buɗe ta biyu. A ba wannan mako biyu cikakku, ya cancanta.

Rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, haka wuya ta jiki da wuya ta wahala, haka kuka. Kada a ba da irin waɗannan a jerin kalmomi tsurarsu, a sa su cikin jimla, a koya wa yaro cewa in ya karanta bai ji ma'ana ba ya koma ya sake furtawa.

Akwai kuma karin harshe. Yaro a Sakkwato ko Katsina ko Maraɗi da ya rubuta "hita" a maimakon fita ya ji daidai, ya rubuta abin da bakinsa ke faɗa. Kada a ce masa Hausarsa ba daidai ba ce. A ce masa haka muke faɗa, ga kuma yadda ake rubutawa a littafi. Ko a Kano ma baki na cewa "gidam Bala" da "rigam Musa", rubutu kuwa gidan Bala da rigar Musa. Haɗuwa da darasin Turanci ma tana kawo ruɗani, musamman a kan c da wasulan e, i, u, waɗanda sunansu a can dabam ne. A ware wa kowane harshe gefensa na allo ko na bango, a riƙa faɗa a sarari cewa yanzu Hausa muke yi.

Daga aji biyu sai a shiga raba kalma da haɗe ta, ƙa'ida ɗaya a mako, a cikin shifta: yana, tana, suna a haɗe, za mu, za su a rabe, shi ne, ita ce a rabe, gidansa, rigarta a haɗe. Babban baƙi a farkon jimla da sunan mutum ko gari, aya a ƙarshe, alamar tambaya inda aka yi tambaya. Waƙafi ya jira sai aji uku. A wannan matakin ne kuma yaro zai fara rubuta jimlarsa ta kansa, ɗaya a kan abin da ya ci da safe, daga baya uku a kan labarin da aka karanta. A irin wannan rubutun a gyara kuskure ɗaya ko biyu kawai. Shafin da jan biro ya cika yana kashe wa yaro sha'awar sake gwadawa.

Sauraron kowane yaro shi kaɗai

Duk abin da ya gabata ba zai nuna wa malami gaskiyar ajinsa ba sai ya zauna da yara ɗaya bayan ɗaya. A shirya kati mai hawa huɗu: haruffa 10 a cakuɗe, gaɓoɓi 10, kalmomi 10, sai labari mai kalma kamar 40 wanda ba a taɓa karantawa a aji ba. Lokacin da sauran ke rubutu, a kira yara biyar a rana, kowanne minti ɗaya zuwa biyu. Aji mai yara 80 zai ƙare cikin kwanakin makaranta 16. In yaro ya kasa layin farko na wani hawa a tsaya nan, a yi masa sannu da ƙoƙari, kada a ja shi har ya ji kunya. A rubuta a gaban sunansa hawan da ya tsaya da haruffan da suka ba shi wuya. Wanda ya kai labari, a ƙirga kalmomin da ya karanta daidai cikin minti ɗaya, a yi masa tambaya biyu. A maimaita sau biyu a zango, a gwada yaro da sakamakonsa na baya, ba da na ɗan'uwansa ba.

Sakamakon shi zai faɗi abin yi. Wanda ya san haruffa ya kasa gaɓa, jan sauti da kati yake buƙata, ba ƙarin haruffa ba. Wanda ke kallon harafin farko ya cinki sauran, a sa shi rufe kalma yana buɗe ta gaɓa-gaɓa. Wanda ke karantawa daidai amma da jan ƙafa, ya maimaita gajeren labari ɗaya sau uku ga abokinsa, a kwana uku dabam-dabam. Wanda ke gudu ba ya iya amsa tambaya, a tsayar da shi a kowace aya ya faɗi abin da ya ji da bakinsa. In kuwa fiye da rabin aji ne suka kasa abu ɗaya, matsalar ba ta yaran ba ce, a koma a sake koyar da shi ko da manhaja ta yi gaba.

Waɗanda suka tsaya a hawan haruffa a tara su a tabarma ɗaya kusa da allo, minti 15, kwana uku a mako, sauran aji na karatu biyu-biyu. Ko ɗan aji uku ne, in bai san haruffa ba daga a, n, k, m za a faro masa, sai dai da sauri, harafi uku ko huɗu a mako, tunda ya girmi 'yan aji ɗaya. A ba kowannensu guntun kwali mai kalma uku ya kai gida ya karanta wa mahaifiyarsa ko yayarsa, ko da ba su yi boko ba, sauraro kawai ake nema a wurinsu. Washegari ya dawo da kwalin, ya karanta wa malami a bakin ƙofa, a musanya masa da wani.